Doya Ta Tafi Kurmi, Yaro Ya Tafi Makaranta Da Yunwa

Duk wanda ke neman abincinsa a kasuwar Mil 12 ta Ikko, ko Bodija ta Badun, ko kuwa a Anacha da Fatakwal, ya san lokacin da sabuwar doya ke sauka, ya kuma san motocin da ke kawo ta. Da yawa daga cikin motocin nan daga ƙasar Lafiya suke tasowa, musamman kasuwar Agyaragu da ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, a cikin Ƙaramar Hukumar Obi ta Jihar Nasarawa. 'Yan Arewa ne ke yin lodi a can, su ne ke kwana bisa hanya da motar, su ne kuma ke saukewa a Kudu, su kasa, su sayar wa jama'a.

To, amma akwai tambayar da ya kamata kowane magidanci da ya baro iyali a gida ya yi wa kansa. A safiyar da motar doyar nan ta tashi, me yaronsa ɗan aji ɗaya ya ci kafin ya kama hanyar makaranta, me kuma aka ba shi ya riƙe domin lokacin tara? Magidanta da yawa za su iya faɗin farashin ƙwaryar doya a kasuwa uku ba tare da kuskure ba, amma wannan tambaya sai ta gagare su. Wannan kuwa abin gyara ne, domin abincin da yaro ke tafiya da shi makaranta nauyi ne da ke wuyan iyayensa, kuma nisan uba da gida bai sauke masa shi ba.

Ƙasar Obi ba ƙasar fari ba ce. Tun kafin a cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, an san wannan yanki da noma. Alago da Migili da Eggon da Tibi da Hausawa da Fulani da sauran mazauna wurin suna noma doya da rogo da masara da dawa da shinkafa, ga wake da gyaɗa da riɗi da agushi, ga kuma mangwaro da lemo da gwanda kowanne a lokacinsa. Da wuya a nemi wani abu da jikin yaro ke bukata a rasa shi a gonakin Agwatashi ko Adudu ko Daddare. Abin takaici shi ne a irin wannan ƙasa ce ake samun yaron da ke zuwa makaranta da guntun ɗumame a ciki, ko ma ba kome, ya zauna tun ƙarfe takwas na safe har rana ta take.

Dalilan haka ba ɓoyayyu ba ne. Da zarar kaka ta yi, bashi da bukatun gida sukan tilasta wa manomi ya kai amfaninsa kasuwa, ya sayar da mai kyau, ya bar wa gida ragowa, sa'an nan damina ta tarar da shi yana auno da tsada abin da ya sayar da araha. Rigingimun da suka auku a yankin a 2013 da 2018 sun raba mutane da dama da gonakinsu, har wasu makarantun firamare suka zama masaukin 'yan gudun hijira na wani lokaci. Uwa kuwa takan yi sammakon gona ko kasuwa. Shi kuma uban da ke Kudu, idan ya tashi aika kuɗi yakan lissafa kuɗin makaranta da na yunifom da na littattafai da na taki, amma ba kasafai yake ware wani abu da sunan abincin yaro na makaranta ba. Abin da yakan biyo baya shi ne a miƙa wa yaro 'yan canji a ce ga kuɗin tara, shi ke nan an sallame shi.

ABIN DA YUNWA KE YI A AJI

Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma babu inda wannan magana ta fi zama daidai irin ɗakin karatu. Cikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar abinci mai yawa a zama guda, alhali kuwa jikinsa girma yake yi, ga guje-guje, ga tafiyar ƙasa zuwa makaranta. Saboda haka ba ya iya jure tazarar awa biyar ko shida kamar babba. Malaman firamare sun san alamun sarai: hamma, da gyangyaɗi, da saurin kuka, da rashin kama abin da aka faɗa sau uku. Sau da yawa irin wannan yaro ne akan yi wa bulala a kira shi daƙiƙi, alhali kuwa cikinsa ne babu kome.

Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Har ila yau ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar suna da ƙarancin jini. Waɗannan yara su ne suka cika azuzuwa a shekarun da suka biyo baya. Gaskiya ne tsumburewa tun daga goyon ciki zuwa shekara biyu take kama yaro, kuma kwanon makaranta ba zai mayar da abin da ya riga ya wuce ba. Amma ƙarancin jini yana gyaruwa da abinci, yunwar yini ma haka, kuma su biyun nan ne ke hana yaro natsuwa a gaban allo.

Tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ake ta kiran iyaye su sa 'ya'yansu makaranta, kuma jama'a sun amsa kira gwargwadon hali. Abin da ba a faye tsayawa a kansa ba shi ne me yaron zai ci idan ya je.

ZANEN ARO

Wani zai ce ai gwamnati ta ɗauki nauyin ciyar da 'yan makaranta. Lalle ta taɓa ɗauka, har sau biyu, kuma mutanen Jihar Nasarawa sun fi kowa sanin labarin. A jiharsu ce Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare da abincin gida a 2005, zamanin Gwamna Abdullahi Adamu. An fara shirin ne a matsayin gwaji a jihohi 12 da Abuja. Ba a yi shekaru da yawa ba ya mutu a kusan ko'ina, in banda Jihar Osun wadda ta riƙe nata, ta kuma sake masa fasali a 2012. 'Yan Arewa mazauna Sabon Oshogbo da Ife da Ilesha shaidu ne a kan haka.

A 2016 Gwamnatin Tarayya ta Shugaba Muhammadu Buhari ta sake ɗauko shirin, aka tsara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantun gwamnati sau ɗaya a yini, a kan Naira 70 kowane yaro, daga baya aka ƙara zuwa Naira 100. Ba a musun cewa inda abincin ya isa yara sun ƙaru a aji, mata masu dafawa kuma sun sami sana'a. Amma an sha kuka da jinkirin biyan masu dafawa da ƙanƙantar abincin, kuma tun asali bai haɗa da 'yan aji huɗu zuwa shida ba, balle makarantun kuɗi da Islamiyyu. A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke kula da shi domin bincike, ciyarwar ma ta tsaya tare da su. Ko da ma ba a dakatar ba, Naira 100 ba ta sayen ƙwai guda a kasuwar yau.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a bayyane yake. Haƙƙi ne a kan gwamnati ta ciyar, kuma wajibi ne a ci gaba da tuna mata. Amma shirin da ke zuwa da gwamnati ya tafi da gwamnati zanen aro ne, ba ya rufe katara. Yaron da ya shiga aji ɗaya a bana ba zai tsayar da girmansa ya jira kasafin kuɗin baɗi ba. Guntun gatarin gida ya fi sari ka ba ni.

ME ZA A SA A KWANON

Ba a bukatar kayan kanti ko kayan gwangwani. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kowace uwa tana iya riƙe ta da ka: a haɗa abu uku a kwano guda. Na farko mai ba da ƙarfi, irin su doya da dankali da shinkafa da masara da rogo. Na biyu mai gina jiki, irin su wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da riɗi da awara da ƙwai da kifi. Na uku mai kare jiki daga cuta, watau ganye da 'ya'yan itace, kamar zogale da alayyafo da rama da lemo da mangwaro da gwanda da ayaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika kwano da na farko kaɗai, a ba yaro farar doya ko gari da sukari, ya ƙoshi na ɗan lokaci, amma jikinsa bai sami abin gini ba.

Ga misalin mako guda da kayan da ke cikin ƙasar Obi. Ran Litinin dafa-dukan shinkafa da wake da manja, a marmasa ɗan busasshen kifi a ciki. Ran Talata dafaffiyar doya da miyar ganye, in da hali a haɗa da dafaffen ƙwai. Ran Laraba alale ko ɗanwake. Ran Alhamis dankali da kwaɗon zogale wanda ya ji ƙuli-ƙuli. Ran Jumma'a ƙosai da ayaba, ko faten wake. Kowace rana kuma a jefa ɗan itace guda na lokacin, in mangwaro ne mangwaro, in lemo ne lemo. Yaron da ke son zaƙi a ba shi ɗan kantun riɗi ko soyayyar gyaɗa, sun fi minti amfani nesa ba kusa ba.

Akwai hikima a cikin wannan haɗi wadda likitoci suka tabbatar. Wake da ganye suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma jiki ya fi tsotsar sa idan an ci shi tare da lemo ko gwaiba ko tumatir, shayi kuwa rage tsotsar yake yi. Manja, muddin ba a soya shi har ya yi fari ba, yana ba da bitamin A mai kare ido da ƙarfafa jiki, haka kuma mangwaro da gwanda da dankali mai jan ciki. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a ƙasar nan domin maganin maƙoƙo da taimakon ƙwaƙwalwar yara, saboda haka a tabbata da irinsa ake girki. Ƙananan yara 'yan ajin raino kuwa, waɗanda ba su kai shekara huɗu ba, kada a ba su gyaɗa guda-guda domin tana iya shaƙe su. A daka musu, a kuma cire ƙayar kifi tsaf.

KUƊIN TARA

Babban abin da ya kori kwano daga hannun yara shi ne kuɗin tara. Yaro ɗan shekara shida da aka damƙa wa kuɗi ba zai nemi wake ba. Biskit zai saya da alawa da cingam da ruwa mai launi na leda, domin su ne aka jera masa a bakin ƙofar makaranta. Waɗannan kuwa gari ne da sukari da launi, suna kashe yunwa na minti kaɗan, su lalata haƙori, su kuma toshe wa yaro cin abincin kirki idan ya koma gida. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Kwalbar lemo ta rabin lita, irin mai gas, takan ɗauki sukari fiye da cokalin shayi goma, watau ita kaɗai ta wuce rabon ƙaramin yaro na yini. Ba banza ba Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuna.

Idan aka tara kuɗin tara na wata guda na yara biyu ko uku, sau da yawa sai a ga sun isa a auno wake da manja da za su yi aikin da ya fi haka. Ashe ke nan a gidaje da dama ba ƙarin kuɗi ake bukata ba, juya akalar waɗanda ake kashewa ne.

TSABTA

Abinci mai kyau yana iya komawa cuta tsakanin murhu da makaranta, musamman a ƙasa mai zafi irin ta Lafiya a watannin bazara. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa biyu. Saboda haka abinci mai ruwa-ruwa, kamar shinkafa da fate da alale, a dafa shi da safe, a zuba da zafinsa a cikin kula mai riƙe zafi, a kuma gargaɗi yaro ya ci da tara, kada ya ajiye sai an tashi. In ɗumame ne, a tabbata ya yi zafi har tsakiya yana tururi. Gidan da babu kula sai a fi ba da ƙarfi ga abin da ba ya saurin lalacewa, kamar gasasshiyar doya, da ƙwai a cikin ɓawonsa, da ƙuli-ƙuli, da 'ya'yan itace da ba a yanka ba. Leda ba mazubin abinci mai zafi ba ce. Kwano mai murfi da cokali sun fi, kuma sau ɗaya ake sayensu a shekara. A wanke su da sabulu kullum da yamma, a kife su bushe.

Ruwa ma haka. A ba kowane yaro gorarsa da ruwan da aka tafasa aka huce, domin kunu da zoɓon da ake ƙullawa a bakin hanya babu wanda ya san ruwan da aka dama su da shi. Mazauna Ikko ba su manta da annobar kwalara da ta ɓarke a watan Yunin 2024 ba. A koya wa yaro wanke hannu da sabulu kafin ya ci da bayan ya fito daga bayan gida, domin ta hannu ne gudawa da tsutsar ciki ke shiga, tsutsar ciki kuwa raba abincin take yi da yaro.

Wani haɗarin tun daga rumbu yake farawa, kuma wannan ya shafi 'yan kasuwar hatsi kai tsaye. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, a 2018 kuma hukumomin ƙasar nan suka gargaɗi jama'a a kan masu zuba maganin ƙwari mai guba a cikin wake domin ajiya. Waken da Bature ya ƙi, 'ya'yan gida ne ke cinye shi. Akwai buhunan ajiya masu leda biyu a ciki waɗanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba, kuma tun 2007 ake yaɗa su a Afirka ta Yamma. Da su ya kamata a ajiye waken gida. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuwa a tsince su a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da su, domin gubar da ke cikin fumfunar tana lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

UZURI DA AMSARSA

Ba wanda zai raina wahalar da talaka ke ciki. Bayan janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, tsadar abinci ta yi tashin da a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Akwai gidajen da tuwon dare ma da ƙyar ake samu, kuma irin waɗannan taimako suke bukata, ba wa'azi ba. Amma mafi yawan masu ci-rani a Kudu suna aika wani abu gida kowane wata ko kowane mako, kuma galibinsu suna da gona a gida. Ga waɗannan, gyaran yana hannunsu. Idan kaka ta yi, kafin a kira mai mota, a ware rabon 'yan makaranta: buhun wake ko rabinsa, da 'yan mudun gyaɗa da riɗi, da doyar da za ta kai zangon karatu, a ce wannan ba na sayarwa ba ne. Idan an tashi aika kuɗi, a faɗi da baki cewa kaza na manja da ƙwai da kifin yara ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Uzuri na biyu shi ne lokaci, kuma shi ma gaskiya ne, domin matar da ke tashi da asuba ta ɗebo ruwa ta tafi gona ba ta zauna ba. To, sai a rage mata nauyi. A jiƙa wake a gyara kayan miya tun da dare. Kishiyoyi da matan 'yan'uwa da ke gida guda su yi karɓa-karɓa, wannan ta dafa wa yaran gidan duka yau, waccan gobe. Yayye maza da mata su ɗauki wanke kwanoni da cika gorori. Kada kuma wannan aiki ya zama dalilin hana 'ya mace zuwa makaranta a kan lokaci, kada kuma a cika kwanon namiji a rage nata.

Uzuri na uku daga yaran yake fitowa, watau kunya. Wasu sukan ƙi ɗaukar ɗanwake ko doya domin kada 'yan'uwansu su yi musu dariyar abincin ƙauye. Wannan aikin malamai ne. Idan hedimasta ya sa doka kowa ya zauna a inuwa guda ya buɗe kwanonsa, malamin aji ya yaba wa mai wake da ganye a gaban sauran, cikin mako biyu kunyar za ta koma kan mai biskit. A nan ne kuma malami zai gane yaron da ba ya zuwa da kome, a nemi iyayensa cikin sirri ba tare da tozarta shi ba.

Kada waɗanda suka taho da iyalinsu Kudu su ɗauka maganar ta mutanen gida ce kaɗai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yaron Agege ko Idi-Araba ko Sabon Shagamu ko Ama Hausa ta Owerri yakan fita da sassafe saboda cunkoson hanya, daga boko kuma ya zarce Islamiyya, ba ya ganin tukunyar gida sai la'asar. Ga shi kuma kayan zaƙi sun fi yawa a birni. Abin mamaki ne a ce mahaifinsa ne ke sayar da wake da tumatir da albasa da kifi ga mutanen gari, su dafa wa 'ya'yansu su zuba a kula, nasa kuwa ya yini a kan biskit da ruwan leda.

KIRA GA HUKUMOMI DA SHUGABANNI

Ɗaukar nauyin da iyaye za su yi bai wanke hukuma ba. Kamata ya yi Gwamnatin Jihar Nasarawa ta dubi abin da Osun ta yi, ta kafa nata shirin da dokar majalisa da kuɗin da ba za su dogara ga Abuja ba, tun da a ƙasarta aka fara kafa tutar wannan aiki. Akwai abin koyi a ƙasar Barazil, inda dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen sayen amfanin ƙananan manoma. Da za a yi haka a Obi, manomin Jenkwe zai sami kasuwa a ƙofar gidansa, ɗansa kuma ya ci daga gonar ubansa.

Ita kuma Ƙaramar Hukumar Obi, akwai abin da ba ya bukatar jiran kowa. Ta gyara rijiyoyin burtsatse na makarantu, ta tanadi wurin wanke hannu, ta kuma tura duba-gari su riƙa duba masu tallar abinci a ƙofar makaranta. Ba korar matan nan za a yi ba, domin neman halaliyarsu suke yi, kuma ga yaran da ba a dafa musu a gida su ne madogara. A nuna musu tsabta, a ƙarfafa musu sayar da ƙosai da alale da awara da 'ya'yan itace a rufe. Makarantar da ke da fili ta shuka zogale da gwanda. Masu martaba Osuko na Obi da Zhe Migili da sauran sarakuna da masu unguwanni, da limamai da fastoci, maganarsu tana da nauyin da ta jami'in gwamnati ba ta da shi, sai su sa baki.

Haka nan ƙungiyoyin 'yan asalin jiha da na 'yan kasuwa da ke Kudu, da Sarakunan Hausawa na Sabo-Sabo. Waɗannan ƙungiyoyi sun saba tara kuɗi domin kai gawa gida, ko belin ɗan'uwa, ko taimakon wanda gobara ta cinye wa rumfa, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Ba zai gagare su ba su ɗauki makarantar firamare guda a ƙauyensu, su saya wa 'yan aji ɗaya kwanoni da gorori, ko su ajiye buhun wake a hannun ƙungiyar iyaye da malamai domin marayu da 'ya'yan waɗanda rikici ya kora daga gonakinsu, a riƙa rubuta shiga da fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutum ba ya barin garinsu ya zo ya kwana a rumfa ko ƙarƙashin mota a Kurmi don jin daɗi. Yana yi ne domin 'ya'yansa su sami abin da shi bai samu ba, kuma mafi yawan masu ci-rani sun yarda ilmi ne hanyar. To, kuɗin makaranta da aka biya da gumi asara ne idan yaron da aka biya wa barci yake yi a aji saboda yunwa. Yau waya tana aljihun kowa. Duk magidancin da zai kira gida a daren nan, bayan gaisuwa da tambayar gona, sai ya nemi a ba shi ƙaramin ɗan makarantar gidan, ya tambaye shi abin da ya ci da tara. Amsar da ya ji ita za ta nuna masa yadda zai raba kuɗin da zai aika a ƙarshen wata. Allah ya sa a gyara.